Sunan Alwali: Ma'anarsa, Asalinsa da Matsayinsa a Tarihin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazari a kan sunan nan Alwali, wanda sarakunan Kano biyu suka amsa shi kafin jihadi, amma yanzu da wuya a ji an raɗa wa yaro shi a ƙasar Hausa. Sarakunan su ne Muhammadu Alwali na farko, wanda aka fi sani da Kutumbi (1623-1648), da kuma Muhammadu Alwali na biyu (1781-1807), wanda sarautar gidan ta ƙare a kansa. Na biyun nan ya gamu da ajalinsa ne a Burumburum ta ƙasar Tudun Wada, watau cikin yankin da yanzu ake yi wa laƙabi da Tiga, saboda madatsar ruwan da aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ke nan yaran makarantun Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna zaune ne kusa da wurin da aka rufe wani babban babi na tarihin Kano.

Abin da ya sa muka ga ya kamata a tsaya a kan wannan suna shi ne, masu koyar da tarihi sukan ambace shi su wuce, ba tare da sun tambayi inda ya fito ba, wasu kuma sukan ɗauka cewa Auwalu ne aka karkatar. Alhali kuwa suna hujja ce daga cikin hujjojin tarihi, domin yana nuna irin ilmin waɗanda suka raɗa shi, da addininsu, da kuma abin da suke fata ga mai sunan. Za mu duba saiwar kalmar a Larabci, da yadda ta shigo Hausa, da sarakunan da suka amsa ta, sa'an nan mu kawo dalilan da muke ganin sun sa ta yi ƙaranci.

2.0 Saiwar Kalmar a Larabci

Kalmar ta tsiro ne daga baƙaƙe uku, watau wau da lam da ya. Ibn Faris, wanda ya rasu a 1004, ya nuna a ƙamusunsa Maƙayisul Luga cewa tushen ma'anar waɗannan baƙaƙe shi ne kusanci. Ragib na Isfahan, mai littafin Mufradat, ya faɗaɗa bayanin da cewa abu biyu ne su haɗu, ba wani baƙon abu a tsakaninsu. A cikin Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, har ruwan saman da ya biyo bayan ruwan farko ana kiran sa da wannan kalma, domin ya bi sawun ɗan'uwansa. Daga wannan ma'ana ta kusanci ne aka sami sauran rassa: wanda ya kusance ka shi ne masoyinka, shi ne mai taimakonka, shi ne kuma mai jiɓintar al'amarinka.

Akwai siffofi biyu da suka fito daga wannan saiwa waɗanda suka shafi bincikenmu. Ta farko ita ce wadda wau ɗinta gajere ne, aka ƙarfafa ya ɗin ƙarshe, jam'inta auliya'u. Ita ce ke nufin masoyi, ko makusanci ga Allah, ko majiɓinci, kamar waliyyin amarya a wajen ɗaurin aure. Ta biyu ita ce wadda aka sa alif bayan wau, aka ja shi, jam'inta wulatu. Ita kuwa tana nufin mai mulkin wata jiha a ƙarƙashin halifa ko sarkin da ya naɗa shi. Da wannan siffa ta biyu aka kira Hajjaju ɗan Yusufu sa'ad da ya riƙe Iraƙi daga 694 zuwa 714, da ita kuma Daular Usmaniyya ta kira Muhammadu Ali lokacin da ta tabbatar masa da Masar a 1805. Mutanen gaɓar Afirka ta Gabas sun ari wannan siffa, suka ce liwali.

Dukkan siffofin biyu sun zo a cikin Alƙur'ani. Ta farko tana da yawa, alal misali a Suratul Baƙara aya ta 257 da Suratush Shura aya ta 9 da ta 28, jam'inta kuma a Suratu Yunus aya ta 62. Ta biyu ta zo a Suratur Ra'adi aya ta 11. Har ila yau dukkansu suna cikin jerin sunayen Allah 99 da ke cikin ruwayar Tirmizi. Amma da yake suna cikin siffofin da ake yi wa bayi ma amfani da su, malamai ba su hana mutum ya amsa su ba. Laƙabin Ibn Haldun (1332-1406) shi ne Waliyyuddini, babban malamin nan na Dalhi ta ƙasar Indiya kuma (1703-1762) an san shi da Shah Waliyyullahi. Abin lura a nan shi ne, a ƙasashen Larabawa kalmar ta fi zuwa a jingine da wata, kamar Abdulwali ko Waliyyuddini. Zuwanta ita kaɗai a matsayin suna ba shi da yawa.

3.0 Yadda Kalmar ta Shigo Hausa

Sanannen abu ne cewa kalmomin Larabci da yawa sun shigo Hausa tare da harafin nan al- na farkonsu. Idan muka duba da kyau za mu ga galibi sun kasu gida biyu. In kalmar ta fara da hamza ko aini, sai wasalin farko ya faɗi, a bar lam. Da haka aka sami liman, da lahira, da ladabi, da lafiya, da laifi, da Laraba, da Laminu. In kuwa ta fara da wani baƙi sosai, sai al- ya tsaya yadda yake, kamar a alƙali, da alkama, da albasa, da aljihu, da Alhasan, da Alƙasim.

Wannan ƙa'ida ta isa ta raba gardamar Auwalu. Kalmar al-awwal da hamza ta fara, saboda haka abin da ta haifar a Hausa shi ne Lawal ko Lawan, in kuma an cire al- a ce Auwalu. Ba ta da hanyar da za ta bi ta zama Alwali. Ita kuwa kalmar da muke magana a kanta da wau ta fara, don haka ta bi sawun alwala, wadda ita ma daga kalma mai wau ta fito, al- ɗinta kuma ya tsaya. Ke nan Alwali daban, Auwalu daban.

Sai dai ƙa'idar ba ta raba mana tsakanin siffofi biyun da muka ambata ba. Siffa ta biyu, mai alif, ma'auninta ɗaya da kalmar da ta ba mu alƙali, don haka za ta iya ba mu alwali. Siffa ta farko kuma ma'auninta ɗaya da kalmar da ta ba mu annabi, inda aka sauke ƙarfin ya ɗin ƙarshe, don haka ita ma za ta iya ba mu alwali. A rubutun Larabci da na ajami alif ɗaya ne ya raba su. Shi kuwa rubutun boko, tun da ba ya nuna tsawon wasali, sai ya haɗe su suka zama kalma ɗaya a ido. Haka abin yake ga kalmar wali. Katsinawa suna cewa Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17, suna nufin walittaka. A fada kuma akwai sarautar Wali, kamar Walin Kano Sulaimanu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), da Walin Katsina Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu.

4.0 Alwali na Farko: Kutumbi

Babbar madogararmu a kan sarakunan Kano na dauri ita ce Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, labarinsa kuma ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello (1882-1893). Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1908, fassarar Hausa kuma ta fito a littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. A cikin wannan tarihi Kutumbi ɗan Muhammadu Nazaki shi ne sarki na 29, an kuma bayyana cewa ana kiran sa Muhammadu Alwali.

Kutumbi ya hau gadon sarauta fiye da shekara 230 bayan rasuwar Sarki Yaji (1349-1385), wanda a zamaninsa Wangarawa suka zo, kuma fiye da shekara 120 bayan rasuwar Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda Shehu Magili ya rubuta wa nasiha a kan mulki. Watau an haife shi ne a gidan da Musulunci ya daɗe da zama. Idan muka bi jerin sarakunan da suka gabace shi za mu ga Muhammadu Rumfa, da Muhammadu Kisoke, da Muhammadu Shashere, da Muhammadu Zaki, da Muhammadu Nazaki. Inda sunan Muhammadu ya yi yawa haka, dole a sami suna na biyu da zai bambanta wani da wani. Shi Kutumbi ya sami biyu, ɗaya na Larabci, ɗaya na gida, na gidan ne kuma ya rinjaya a bakin jama'a, har aka kira zuriyarsa Kutumbawa.

Tarihin ya nuna shi sarki ne mai ƙarfi da dukiya. Shi ne aka ce ya fara karɓar jangali daga Fulani. Ya yi wa Katsina zobe har wata 9, daga baya ya sake komawa, amma a karo na biyu Katsinawa suka rinjaye shi, ya rasu jim kaɗan bayan wannan yaƙi a 1648. Wanda ya yi irin wannan suna, ba abin mamaki ba ne zuriyarsa su so su mayar da sunansa.

5.0 Alwali na Biyu da Burumburum

Bisa ga Tarihin Kano, Muhammadu Alwali na biyu ɗan Yaji ne, ɗan Dadi, ɗan Bawa, ɗan Kukuna, ɗan Alhaji, ɗan Kutumbi. Shi ne sarki na 43, ya gaji 'yan'uwansa Babba Zaki (1768-1776) da Dauda Abasama (1776-1781). Al'adar Bahaushe ce ya mayar da sunan kaka ga jika, don haka muna ganin an yi wa Kutumbi takwara ne. Da wannan suna gidan ya buɗe a 1623, da shi kuma ya rufe a 1807, tsawon shekara 184.

Abubuwa biyu tarihin ya fi ambato game da shi kafin jihadi. Na farko, ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta auku. Na biyu shi ne batun Dirki, wani abu da aka naɗe cikin fatu tun zamanin Muhammadu Zaki (1582-1618), ana yi masa yankan shanu. Da fadawa suka nemi shanu 40 don Dirki, Alwali ya hana, ya kuma sa samari suka sassare shi da gatura, sai aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Wannan labari yana da muhimmanci ga mai nazarin sunan, domin yana nuna sarkin da ya tsaya wa wata tsohuwar al'adar fada, ko da yake fadawansa sun gargaɗe shi cewa abin zai jawo masa musiba.

Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804, jama'arsa ta ƙasar Kano ta taru a Kwazazzabo, yamma da birni. Cikin shugabanninta akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, waɗanda mazauninsu ke wajen Ƙiru, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Dabon Dambazau. Alƙali Muhammadu Zangi ya ba da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe a littafinsa Taƙyidul Ahbar, wanda ya rubuta a 1868. Babban karo ya auku ne a Ɗanyaya, inda aka karya rundunar Alwali duk da gudummawar Katsina da Daura. Daga nan ya bar Kano ya tafi Zazzau, bai sami karɓa ba, ya juyo ta Rano, ya shiga Burumburum, inda jama'ar jihadi suka cim masa aka kashe shi a 1807. Tarihin Kano ya ce ya yi shekara 27 yana sarauta, 3 daga ciki yana yaƙi. Shekara 27 ta lissafin Hijira ta yi daidai da kimanin 26 ta lissafin Miladiyya, watau 1781 zuwa 1807.

Idan muka duba taswira za mu ga dalilin da ya sa ya nufi wannan shiyya. Ƙasar kudu da Rano tana kan hanyar Zazzau, tana da duwatsu da daji, ga kuma garuruwa masu ganuwa. Sarkin da birni ya ƙwace masa, nan ne zai nemi mafaka. Amma kuma yammacin wannan shiyya, wajen Ƙiru, gida ne ga wasu daga cikin masu yaƙarsa. Saboda haka yankin Tiga yana da rabo a ɓangarorin biyu na wannan tarihi.

6.0 Wace Ma'ana ce ta Fi Ƙarfi?

Mu a ganinmu siffa ta farko, watau mai ma'anar makusanci ko majiɓinci, ita ce ta fi dacewa da sunan waɗannan sarakuna, bisa dalilai uku.

Dalili na farko shi ne tsarin raɗin suna a ƙasar Hausa. Wanda aka sa wa Muhammadu akan bi shi da lamba, kamar Auwalu da Sani da Salisu da Rabi'u, ko kuma da ɗaya daga cikin sunayen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar Aminu da Bashiru da Naziru da Mustafa da Muhtari. Waliyyi kuwa yana cikin sunayen Annabi 201 da Shehu Jazuli, wanda ya rasu a 1465, ya jera a Dala'ilul Hairati, littafin da ya daɗe a hannun malaman ƙasar nan. Ke nan Muhammadu Alwali tafiyarsa ɗaya da Muhammadu Aminu.

Dalili na biyu shi ne matsayin sarautar Kano. Mai riƙe da jiha a ƙarƙashin wani shi ake kira da siffa ta biyu. Su kuwa sarakunan Kano, a rubuce-rubucen Larabci sultan ake ce musu, da haka ma Magili ya kira Rumfa. Da wuya sarki kamar Kutumbi ya karɓi laƙabin da zai mai da shi wakilin wani.

Dalili na uku shi ne zamani. Ƙarni na 17, wanda Kutumbi ya rayu a cikinsa, shi ne ƙarnin Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Lokaci ne da girmama waliyyai ya yi ƙarfi a biranen Hausa, don haka uba zai so ɗansa ya sami albarkar wannan suna.

Adalci ne kuma mu kawo hujjar da ke wancan gefe. A ƙarshen wannan ƙarni ɗin dai an yi wani malami Bafillace a ƙasar Bagarmi, Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu, mai littafin tauhidi Manhajul Farid, wanda manazarta ke rubuta sunansa da dogon wasali. Wannan ya nuna siffa ta biyu ma ta zama sunan mutum a ƙasashen Sudan ta Tsakiya, har ga wanda ba ya riƙe da mulki. Hujja ce mai nauyi, amma ba ta rushe dalilai ukun da muka kawo ba, tun da kowace ƙasa da tsarin raɗin sunanta. Ko ma wacce aka ɗauka, saiwar ɗaya ce, kuma daga taskar ilmin Musulunci aka ɗebo ta.

7.0 Dalilan Ƙarancin Sunan

Muna ganin abubuwa huɗu ne suka taru suka sa sunan ya ja baya. Na farko, faɗuwar gidan Kutumbawa. Jama'a sukan ɗauki suna daga fada da kuma malamai, bayan 1807 kuwa sunayen da ke tashe su ne Usmanu da Abdullahi da Bello da Atiku da Sulaimanu da Ibrahimu Dabo. Daga Sarki Sulaimanu, wanda ya rasu a 1819, har zuwa yau, ba a sake yin Sarkin Kano mai suna Alwali ba. Sunan sarkin da aka kora ba shi da farin jini wajen masu neman kusanci da sabuwar fada.

Na biyu, kalmar waliyyi ta zama daraja da jama'a ke ba bawan Allah bayan an ga halinsa, sau da yawa ma bayan rasuwarsa, don haka iyaye suka ga ta yi wa jariri nauyi. Na uku, da Wali ya zama sarauta, sai kalmar ta koma ta masu riƙe da ita da 'ya'yansu, kamar yadda muka gani a sunan marubuci Na'ibi Sulaimanu Wali da Jakada Isa Wali. Na huɗu, Auwalu da Lawal sun yi kusa da shi a kunne, ga su kuma da yawa, sai mai yawa ya danne maras yawa.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun nuna cewa Alwali suna ne na Larabci daga saiwar da ke nufin kusanci, ba shi da dangantaka da Auwalu, kuma ma'anar makusanci ko majiɓinci ita ce ta fi ƙarfi a kansa. Mun kuma ga cewa da shi gidan Kutumbawa ya fara, da shi ya ƙare a Burumburum.

Abin da wannan ke nufi ga mu malamai shi ne mu yi hattara da yadda muke gabatar da sarakunan Hausa na kafin jihadi ga ɗalibai. Gidan da ke raɗa wa 'ya'yansa Muhammadu Alwali da Alhaji da Dauda gida ne da ya san littafi, ya kuma yi hulɗa da malamai. Saɓanin da ya auku tsakaninsu da jama'ar Shehu ya ta'allaƙa ne a kan gauraya addini da al'ada, da zalunci, da haraji, kamar yadda su masu jihadin suka bayyana a littattafansu. Ɗalibin da ya fahimci haka zai fi gane girman aikin da Shehu ya yi, zai kuma yi wa waɗanda aka kayar adalci.

Daga ƙarshe muna ba da shawara biyu. Ta farko, duk mai buga tsohon rubutu na Larabci ko ajami cikin boko ya riƙa nuna tsawon wasali a sunayen mutane, ko da sau ɗaya ne a farkon ambato, domin alif ɗaya na iya sauya ma'ana. Ta biyu, kwalejojin horon malamai su riƙa tura ɗalibansu garuruwa irin su Burumburum da Rano da Bebeji da Ƙiru, su ɗauko sunayen zuriya da kirari daga bakin dattawa, su rubuta su yadda aka furta, tun masu riƙe da su suna raye. Allah ya sa mu dace.